Shekarar da Na Bar Fure

"Inna, ki yi haƙuri, yau ma ba za a yi ba."

Haka likitan ido ya ce mini, karo na uku ke nan, yana jujjuya katina a hannu. Na riga na cire ɗankwali, an sa mini wannan rigar tasu mai buɗaɗɗen baya, ban sa komai a bakina ba tun asuba. Rabi, autata, tana tsaye a gefe da bargo da butar alwala, don da shirin kwana muka zo. Yarinyar da ke huda yatsa ce ta ɓata komai. Ta ɗiga jinina a 'yar na'urarta, ta miƙa wa likita, shi kuma ya girgiza kai.

"Suganki ya yi sama da yawa. In na taɓa idon nan a haka, ciwon ba zai warke ba. Yana iya ruɓewa ki rasa shi gaba ɗaya."

"To in ba ka taɓa ba fa?"

"Yanar idon ta daɗe da nuna. In aka ci gaba da barinta, ita ma tana iya ɓata idon. Na ba ki wata biyu, ki sauko da sugan nan ki dawo."

"Tsani zan hau in sauko da shi?"

Bai yi dariya ba. Rabi ce ta mintsine ni a cinya.

Ku 'ya'yana da jikokina, saboda ku nake rubuta wannan, don na ji abin da kuke faɗa a bayana. Wasu na cewa wa'azi na ji a rediyo na bar fure. Wasu na cewa wata likita ce a Sabon Gari ta zubar mini da haƙora ba gaira ba dalili. Duk ba haka aka yi ba. Ku fara sanin cewa ido ɗaya gare ni tun ina budurwa, na hagu kara ya tsone shi a gonar babana. Da na daman nan na yi aure, na haife ku, na sayar da daddawa shekara talatin a kasuwar Sabon Gari. Da shi kuma na koyi karatu bayan na haura sittin, a ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar a firamaren da Rabi ke koyarwa a nan Samaru. Ni ce tsohuwar ajin, ni ce kuma mai bakin ajin. Da na iya haɗa baƙi, ba allon da ya tsira daga gare ni. In na shiga bas daga Samaru, tun daga tasha nake karanta allunan shaguna da ƙarfi har Kwangila, har kasuwa, fasinja su yi ta dariya, ni ko a jikina. Shekarar ce wayar hannu ta fara yawa, yayanku Sani ya aiko mini da ita daga Fatakwal inda yake aiki, yana turo saƙo ina karantawa da kaina. Shekara biyu kacal na ci wannan daɗin, sai yana ta rufe idon. Da farko kamar hayaƙin murhu, daga baya kamar an shafa mini koko. Na koma ina ganin mutane kamar tulu, baƙaƙe kuwa babu su.

Tun ranar da aka fara koro mu, wata shida kafin nan, Rabi ta ɗaura ɗamara. Ta kwashe sukari daga ɗakina, ta hana ni tuwon shinkafa, ta koma dafa mini wake da acca da kwaɗon zogale da kabeji, wani lokaci da 'yar tsokar nama a kai. Kafin ta tafi makaranta ta ajiye mini kwano, in ta dawo ta tarar da shi wayam, ta yi ta sa mini albarka kamar ita ta haife ni. Maganin suga kuwa a tafin hannu take zuba mini, ta tsaya sai na haɗiye. Amma duk sati in aka huda yatsa, lambar tana nan inda take. Rabi har ta fara zargin mai kemis da sayar mata da jabu.

Ba jabu ba ne. Ni ce. Abincin nan ba na cin sa, don ba na iya taunawa. Turamena biyu na ƙasa a hagu suna girgiɗi kamar turken da akuya ta daɗe tana ja, ɗaya na sama kuma yana da kogo, ko ruwan randa ya shiga sai na ji har tsakar kaina. Dasashina ya kumbura, in na danna da harshe wani abu mai ɗaci yana fitowa. Wake ɗaya in ya faɗa wajen sai hawaye. To da Rabi ta fita sai in juye kwanon ta taga, akuyarmu na jira a ƙasa. Ni kuma in aika maƙwabta a sayo mini koko, a zuba sukari yadda zai shiga, ko in jiƙa burodi a shayi ya yi laushi in zuƙe. Da shi nake wuni. Akuyar nan ta yi ƙiba a shekarar har mutane na tambaya ko ciki gare ta. Na yi ta cusa kanumfari a kogon, na sa kanwa, na sa gishiri. Har wanzami na kira a ɓoye, ya turara mini wasu 'ya'yan itace a baki, ya ce ga tsutsotsin nan sun zubo a kwano. Ni da ba na gani, na ce masa madalla. Kwana biyu ciwon ya dawo da ƙarfinsa.

Za ku ce me ya hana ni faɗa. Kuna tsammanin tsoron awartaki ne. Ni da na haihu tara a ɗaki ba zan ji tsoron awartaki ba. Fure ne. Ku yaran yanzu ba ku san shi ba sai a bakin tsofaffi. Furen taba ne, ɗan fari-fari mai laushi. Za ki fara goge haƙora da gauta, ki tauna goro, sannan ki murza furen a kai, ki yi ta yi kullum har haƙora su yi ja su yi sheƙi. A zamaninmu macen da haƙoranta suke fari fat, cewa ake ba ta san kwalliya ba. Innata ce ta koya mini a kan tabarma ina 'yar shekara goma sha, kuma a duk unguwarmu ba wadda furenta ya kama kamar nawa. Babanku, Allah ya jiƙansa, ba mai yawan magana ba ne, bai taɓa ce mini ina da kyau ba ko sau ɗaya. Amma duk ranar Juma'a in ya taso daga aikin gonar jami'a, sai ya ajiye mini ƙunshin fure da goro biyu a kan gado, ya fita kamar ba shi ba. Da ya ga sayen yana wuya, shi ya dasa mini taba gindi uku a bayan ɗaki. Ya rasu ya bar su, ni na ci gaba da tara irin ina sake shukawa duk damina. Na kuma san duk wadda ta je asibitin haƙori, abin da za a fara ce mata shi ne ta bar fure. Shi ya sa na kama bakina.

Duk da rashin idon ban daina zuwa kasuwa ba, sau biyu a sati Rabi ke sa ni a bas. Daddawa ai da hannu da hanci ake sayar da ita. Maƙwabciyar rumfata Maman Ifi ce, 'yar Ibo mai sayar da busasshen kifi da agushi, a Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ni. Shekara talatin muna zaune kafaɗa da kafaɗa, in na tashi salla ta tsare mini kaya, in ta tafi taron matan cocinsu in tsare mata. Wata Talata, sati biyu bayan an koro ni daga asibitin ido karo na uku, na matsa kusa da ita ina ba ta labarin wata mai sayen bashi da muka tsana, sai na ji ta ja baya.

"Dije, zan faɗa miki magana, kada ki yi fushi."

"Yaushe kika fara neman izini?"

"Bakinki yana wari."

"Ikon Allah! Ni mai daddawa, ke mai busasshen kifi, yau wa zai ce wa wani wari a layin nan?"

"Na san warin daddawa, shekara talatin ina shaƙa. Wannan warin ciwo ne. Ga kuncinki ma ya kumbura, kina ta rufe shi da mayafi kamar amarya. Ki je wajen Ifi."

"Ifi? Yarinyar da na goya a nan tana mini fitsari a baya? Ita zan buɗe wa baki?"

"Ita. Yanzu likitar haƙori ce a Muciya, nan Sabon Gari, manya ma suna buɗe mata."

"To su buɗe. Ni ba zan je ba."

Ta ci gaba da kore ƙuda daga kifinta. Ashe ina barin kasuwa ta kira Rabi a waya. Washegari Rabi ta ajiye mini kwano ta yi sallama kamar kullum, na ji ƙarar ƙofar gida. Na ɗauki kwanon na lalubi taga, na kira akuya, na juye. Sai na ji muryar Rabi daga ƙasan tagar, a wajen, daidai inda akuyar take.

"Inna. Wata shida ke nan akuya nake yi wa girki?"

Na ajiye kwanon. Ta zagayo ta shigo ɗakin ta zauna a ƙasa, ta fara kuka, irin kukan da ba ta yi ba tun tana yarinya. Ta ce tana tashi kafin kiran salla ta gyara wake, tana zuwa aji da warin hayaƙi, malamai na mata tsiya. Ta ce da na faɗa mata ba na iya taunawa, da ta niƙa mini, da ta yi mini alala, da ta san abin yi. Ni ban iya ba da haƙuri ba, kun sani. Abin da na iya cewa shi ne ta tashi ta nemo mayafina.

Asibitin ƙarami ne, a saman wani bene a Muciya, ana jin injin niƙa daga ƙasa. Ifi ta fito da gudu ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta ce, "Inna Dije, yau ke ce a wajena?" Na ce ta tashi, ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ta kwantar da ni a wata kujera mai komawa baya, ta kunna fitila a fuskata, hasken kaɗai nake gani. Ta ɗan taɓa nan da can da wani ƙarfe.

"Inna, tun yaushe dasashinki ke jini?"

"Ba ya jini."

"In kin tofar da yawu, wane launi ne?"

"Ja mana. Shekara arba'in da wani abu yawuna ja ne. Goro ne da fure, ke ma kin sani, a gabanki nake ci."

Sai ta ba ni kofi ta ce in kurkure. Na kurkure na tofar. Ta sake ba ni. Sau biyar muna haka, har Rabi ta ce ruwan ya fito fari. Sannan ta ɗauki auduga ta ɗan danna a dasashina, ba da ƙarfi ba, ta kawo ta dab da idona a ƙarƙashin fitilar. Launi ina iya gani in abu ya matso. Audugar ta jiƙe jawur.

"Wannan ba goro ba ne, Inna. Kin wanke goron."

Na daɗe ina kallon audugar nan. Shekara nawa ina tofar da jinina a ƙasa ina cewa kwalliya ce, Allah kaɗai ya sani. Ifi ta jawo kujera ta zauna kusa da kaina, ta yi mini bayani kamar yadda nake yi mata tatsuniya tana ƙarama. Ta ce abin da ke bakina gyambo ne, da a ƙafa yake da tuni na ɗaure shi na zo asibiti da kaina, amma da yake a ɓoye yake, jan fure kuma ya rufe shi, ba wanda ya gani. Ta ce mai suga gyambonsa ba ya saurin warkewa, shi kuma gyambo mai mugunya in yana jiki yana hana suga sauka, kowanne yana riƙe da ƙafar ɗan'uwansa. Ga shi kuma ciwon ya hana ni tauna, na koma koko da sukari. Ta ce bakin nan ba wani gida daban ba ne, ƙofar jikin ce, jinin da ke yawo a dasashi shi ne yake zuwa ido, yake zuwa zuciya.

"To yanzu me za ki yi mini?"

"Zan ba ki maganin da zai kashe mugunyar tukuna, in kuma rubuta wa likitan suganki takarda, don tare za mu yi aikin. Bayan nan haƙora uku za su fita, ba su da sauran amfani. Sauran zan kankare su, akwai dattin da ya daskare ya zama kamar dutse a gindinsu, shi ke cin dasashin."

"Ki cire ukun. Ki cire biyar ma in kina so. Amma kada ki taɓa mini jan."

"Inna, dutsen yana ƙarƙashin jan ne. In na kankare, wani jan zai tafi. Kuma furen taba ne, ba zai bar dasashin ya warke ba. Sai kin bar shi."

"Har abada?"

"Har abada."

Na sauko daga kujerar da kaina, na ce wa Rabi mu tafi. Ifi ta biyo mu har matakala da maganin a hannu tana cewa ko shi ne in sha. Na karɓa don kada in kunyata uwarta. Muka hau bas muka koma Samaru.

Kwana tara na yi ina taurin kai. Na sha maganin, kumburin ya ɗan sauka, sai na ce ai shi ke nan na warke, na ci gaba da murza furena a bayan ɗaki. Rabi ta koma yi mini alala da faten acca, tana zaune sai na cinye, amma ta daina yi mini maganar asibiti. Wata biyun likitan ido kuwa suna ta tafiya. Ranar ta goma da hantsi, Rabi na makaranta, wayata ta yi ƙarar shigowar saƙo. Na san Sani ne, matarsa na kan watan haihuwa. Na kai wayar dab da ido, na juya ta, na fita rana da ita, ba abin da nake gani sai ɗan haske kore. Na kasa haƙuri har Rabi ta dawo, na leƙa ta katanga na miƙa wa maƙwabciyarmu Asabe, na ce ta duba mini. Ta karɓa ta karanta. Sai kawai ta rangaɗa guɗa, ta ruga cikin gidansu da wayata a hannu tana kiran mata. Ina tsaye a jikin katanga ina cewa, "Asabe, mene ne? Asabe!" Mata suka cika tsakar gidana suna mini barka, ni ban san barkar me ba. Sai da wata ta tuna ta ce, "Au, ba a faɗa miki ba? Mace aka samu, kuma sunanki za a sa."

Jikata, takwarata, kuma ni ce ta ƙarshe da ta ji a layinmu. Na yi dariya tare da su, na raba goro. Da suka watse na zauna a bakin ƙofa, na tuna shekarun da nake kai wasiƙar 'yan'uwana wajen masu karatu, in zauna kamar kujera wani yana sanin sirrina kafin ni. Na ɗauka na fita daga wannan. Sai ga ni na koma ciki da ƙafata, saboda launin haƙori da ni kaina ba na iya gani a madubi. Na tashi na lalubi bango har bayan ɗaki. Tabar nan gindi uku ta yi fure sosai a lokacin, ƙamshinta ya cika wajen. Na tsaya na ɗan jima. Sannan na kama su ɗaya bayan ɗaya na tuge. Na ukun ya yi gardama, sai da na durƙusa na sa hannu biyu. Ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka, kuma ba tabar nake yi wa ba. Rabi ta dawo ta tarar da su a jibge a tsakar gida, ta dube su, ta dube ni. Ta shiga ɗaki ta kira Ifi.

Sau uku muka je Muciya, kullum da safe, bayan na karya na sha maganin suga, haka Ifi ta ce. Ta yi mini allura a dasashi, rabin fuskata ya mutu kamar ba nawa ba. Turamen biyu ba su ba ta wahala ba, da ma jira suke. Na sama ne ya sa ta gumi. Kankarar kuwa da wani inji ake yi mai kuka kamar sauro a cikin kunne, ruwa na fesowa, ina jin ɓarɓashi na zubowa a harshena. Tana aiki tana ba ni labarin yadda nake ɓoye mata ƙuli-ƙuli a gefen zani, uwarta na nema ta hana ta. Ni baki a buɗe ba damar amsa. Da ta gama na ce mata da gangan ta zaɓi aikin nan, don ta samu inda za ta yi magana ni in yi shiru. Ta yi dariya har ta ajiye ƙarfen.

"Ya jan? Ya tafi duka?"

"Bai tafi duka ba, Inna. Ya shiga jikin haƙorin, shekara arba'in ai ba wasa ba. Ya dai koma kamar ruwan shayi."

"Ruwan shayi. To Allah ya isa."

"Amin, Inna. Ki kurkure."

Ta koya mini abin da zan riƙa yi, kamar 'yar yaye. Ruwan ɗumi da gishiri har ramukan su rufe. Buroshi mai laushi da man goge baki, safe da kuma kafin in kwanta, a hankali, har gindin haƙori inda ya haɗu da dasashi. Na ce ni asuwaki na sani. Ta ce in ci gaba da asuwakina, yana da kyau, amma in tauna bakinsa ya yi laushi, in daina dirza kamar ina wanke tukunya. Goro ta ce in rage, ban ce mata to ba, amma na rage. Kwanakin farko buroshin yana fitowa da jini, na kira ta na ce ta ƙara ɓata ni. Ta ce in ci gaba. Wajen sati biyu Rabi ta duba abin da na tofar ta ce fari ne. Ranar da na tauna wake da ɓangaren dama ban ji komai ba, sai da na cinye kwano na nemi ƙari. Na ci kwaɗon zogale, na ci nama. Ashe yunwa nake ji wata shida ban sani ba.

Kada wani ya je ya ce Inna ta ce cire haƙori maganin suga ne. Ban ce ba. Sugana yana nan har yau, da shi za a binne ni. Likitan suga ya canza mini ƙwaya ɗaya da ya ga takardar Ifi, na bar koko da sukari, na koma cin abincin kirki, gyambon bakina ya warke. Su suka haɗu. Lambar ta fara sauka kaɗan-kaɗan, wani satin ta tsaya, wani satin ta motsa. Abin da nake so ku riƙe shi ne, in kun ga jini a buroshi ko a asuwaki, kada ku ce ba komai. In baki yana wari kuma wanki bai hana ba, ba sai maƙwabciya ta ci mutuncinku a kasuwa ba. Kuma duk wanda yake da tsoho a gida ya ga yana tsame hannu daga tuwo yana neman kunu, ya leƙa bakinsa kafin ya ce tsufa ne. Mu tsofaffi mun iya ɓoye abu fiye da yara.

Mun wuce wata biyun da sati ɗaya kafin mu koma asibitin ido. Ban cire ɗankwali ba wannan karon, na ce sai na ji hukunci. Yarinyar ta huda yatsa, ta miƙa na'urar. Likita ya duba. Ya sa ta sake hudawa a wani yatsan.

"Inna, me kika yi?"

"Tsanin na samu."

Wannan karon ya yi dariya. Ya ce a ba ni riga.

Aikin bai kai daɗewar cire haƙorin sama ba. Na kwana da ido a naɗe, Rabi a kan tabarma a gefen gado. Da safe likita ya zo da kansa, ya fara warware bandejin, ya ce in buɗe a hankali. Haske ya soke ni, hawaye suka zubo, na rufe. Na sake buɗewa. Na ga fanka. Na ga farar rigarsa har da aljihu da biro biyu a ciki. A bangon da ke bayansa akwai wata takarda da aka manna, baƙaƙe manya-manya, suna rawa, sannan suka tsaya. Na ɗaga yatsa na bi su da ƙarfi yadda nake yi a bas.

"A... wan-ke... han-nu... ka-fin... a ta-ɓa... i-do."

Matan da ke sauran gadajen suka ɗauki tafi. Rabi ta faɗo kaina tana dariya tana kuka, baki a wangame, fuskarta dab da tawa. Shekara guda rabona da fuskar nan. Ta rame, ta yi furfura biyu a gaban goshi. Sai idona ya sauka a bakinta. Can ciki a dama akwai wani turmi da baƙin rami a tsakiyarsa, dasashin gefensa ya yi ja ya tasa.

"Ke, tsaya. Buɗe bakin nan."

"Inna, mene ne kuma?"

"Buɗe na ce. Tun yaushe?"

Ta sa hannu ta rufe bakin. Ta ce ba komai ba ne, sai in ta sha ruwan sanyi ne kawai, kuma ai tana sa kanumfari.

Na juya na tambayi likita ko an sallame ni. Ya ce bayan an ɗiga mini magani an ba ni baƙin tabarau. Na ce wa Rabi ta naɗe tabarma, kuma in mun fita ba motar Samaru za mu shiga ba, ta Sabon Gari za mu nema.